Ɗan Fashin Teku a Ɗakin Wankin Ƙoda

Ɗan fashin tekun ya sake faɗawa ruwa. Na'urar wasan ta yi ƙarar tsunduma, a kan allo hularsa mai faɗi ta taso tana lilo a kan igiyar ruwa, sannan ya dawo bakin gaɓa ya tsaya da takobinsa kamar ba shi ne ya nutse ba. Tela ya yi tsaki, ya gyara zaman na'urar a cinyarsa, ya sake gwadawa da hannun dama kaɗai. Na hagun yana shimfiɗe a gefen kujera, allurai biyu a soke, jininsa na bin siraran robobi zuwa cikin injin wankin ƙoda yana dawowa.

'Yarsa ce ta kawo masa na'urar. Ita ce babbarsa, gyaran waya take yi a wani shago, kuma ta gaji da ƙorafin ma'aikatan jinya cewa babanta ba ya barin kowa ya runtsa saboda surutu. Ta ce masa gem ne, wato wasan na'ura, ɗan gajere, mutum zai iya gama shi a zama guda. Abin da ba ta tuna ba shi ne, mai hannu biyu ake nufi, kuma a ɗakin nan babu shi. Gefen hagu na na'urar ke tafiyar da ɗan fashin gaba da baya, gefen dama ke sa shi tsalle da sara. Kafin Tela ya ɗauke yatsa daga tafiya ya kai shi ga tsalle, bawan Allah ya riga ya sha ruwa.

A kujerar da ke damansa akwai Direba. Ƙaton mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tirela, ciwo ya rage masa jiki ya bar masa faɗin kafaɗa da ɗaurin fuska. Tun da ya fara zuwa, in ya amsa gaisuwa ya gama magana. Da an soka masa allurai a hannun dama sai ya rufe fuska da tawul, ba a sake jin ɗuriyarsa sai an tashi. Tela ya gwada shi da hirar ƙwallo, ya gwada da labarin mata masu kawo ɗinki yau su ce jiya suke so, duk a banza.

Ran nan kuwa, bayan tsunduma ta bi tsunduma, sai aka ji murya daga ƙarƙashin tawul.

"Wai wannan mutumin naka ba shi da birki ne?"

Tela ya ce birki kam akwai, direba ne babu. Tawul ya zame a hankali. Direba ya dubi na'urar ta wutsiyar ido, ya tambayi ina sitiyarin yake, ya miƙo hannun hagu yana cewa shi dai don a daina kashe mutum a gabansa ne.

Sista, babbar ma'aikaciyar jinyar ɗakin, ita ta warware musu matsalar inda za a ajiye abin. Ta turo ɗan teburin nan mai taya da ake ɗora magani, ta sa shi tsakaninsu, ta liƙe na'urar da filasta don kada ta zame. Sai ga wata sabuwa: maɓallan tafiya suna wajen Tela, na tsalle suna wajen Direba. Tela ya ce kowa ya kama na wajensa, Direba ya ce shi tun da yake bai taɓa zama a kujerar yaron mota ba. Haka suka gicciya hannuwa, na wannan bisa na wancan, kamar masu ƙulla alkawari. Sista ta ce lallai yau ta yarda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma duk wanda ya motsa hannun allura za ta ɓamɓare abin ta kulle a ofis.

Labarin gem ɗin ba mai tsawo ba ne, kuma babu ko kalma a cikinsa. Wani guntun shugaban 'yan fashin teku ne mai tumbi, yaransa suka ci amanarsa, suka cusa shi a gangar katako suka jefa a teku, suka tafi da jirginsa. Ya farka a bakin wata tashar jiragen ruwa daga shi sai takobi da wani aku mai tsiwa da ke yi masa dariya duk lokacin da ya faɗi. Daga nan tafiya ta miƙa: a tsallake ganguna, a sare ƙaguwa, a kama igiya a yi lilo zuwa wancan rufin.

Zaman farko faɗa suka yi ta yi. Direba ya ce Tela na tsalle kamar wanda kunama ta harba, babu dalili. Tela ya ce Direba na shiga kwana ba ya ba da sigina. A zama na gaba suka samo dabara: Direba zai ce "hau", Tela ya danna. Ba a daɗe ba "hau" ɗin ma ta ɓace, don Tela ya fara jin lokacin tsalle a motsin hannun da ke ƙarƙashin nasa. Suka wuce tashar, suka shiga tsibirin birai masu jifa da kwakwa, suka gangara wani kogo da ruwa ke cika shi daga ƙasa, dole mutum ya yi ta hawa ba waiwaye.

Kowannensu da abin da ya burge shi. Direba ya ce motar tana jin hannu: inda ka saki nan take tsayawa, ba ta ƙara ko taku, don haka in ka faɗi kai ka faɗi, ba ka da wanda za ka ɗora wa. Kuma in ka faɗi ba a mayar da kai garin da ka baro, nan kusa ake tsayar da kai a ce bismilla. Tela kuwa ɗinkin abin yake yabo. Ya lura kowane wuri da sabon abu guda da yake kawowa, kuma sai an fara nuna maka shi inda babu haɗari, kamar yadda ake ba ɗan koyo ƙyalle kafin a ba shi yadin mutane. Ga shi ba ya tsayar da kai ya yi maka talla, ba ya neman komai a wurinka sai yatsa. Inda suka saɓa shi ne gajartarsa. Direba ya ce tafiyar da ba a kwana a hanya ba ai ba tafiya ba ce, aike ne. Tela ya ce ƙaramin goro ya fi babban dutse, kuma rigar da aka yanka daidai jiki ta fi wadda ake ja a ƙasa.

Sauran majinyata ma suka shiga. Wata dattijuwa da ke can bakin taga ba ta ganin komai daga inda take, amma ta haddace ƙarar tsunduma, kuma duk lokacin da ta ji ta sai ta ce Allah ya jiƙansa.

Wata rana bayan an tashi, Tela na zaune a baranda yana jiran jiri ya sake shi, matar Direba ta matso ta gaishe shi. 'Yar siririyar mace ce da kullum take zama a benci da saƙarta har a gama. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce kafin zuwan abin wasan nan maigidanta ya riga ya gaya mata ya gama da asibiti. Ya ce ya gaji da hanyar da ba ta kai mutum ko'ina, gara ya kwanta a ɗakinsa abin da zai faru ya faru. Ta yi kuka, 'ya'ya sun yi roƙo, sai da aka kai ga ƙaninsa na zuwa ya ɗauko shi kusan da ƙarfi. Amma kwanan nan shi ke riga ta shiri, yana cewa ta yi sauri akwai jirgin da za su ƙwato.

Ta dubi saƙarta, ta ce, "Malam Tela, da sauran wasan da yawa kuwa?"

Tela ya sani sarai daga kogon nan sai jirgi, daga jirgi kuma sai ƙarshe, don 'yarsa ta gaya masa. Ya ce mata da saura, ta kwantar da hankalinta.

Tun daga zama na gaba hannun Tela ya lalace. Suka hau jirgin cikin hadari, igiyoyi na lilo, igwa na aman wuta, amma duk inda aka zo tsalle mai muhimmanci sai ya makara kaɗan. Ɗan fashin ya yi ta komawa teku, akun na ta dariya, dattijuwar taga na ta addu'a. Tela ya ce yatsansa ne ke sanyi. A zaman da ya biyo baya ya ce idonsa ne. Fuskar Direba ta fara komawa irin ta da.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Suna tsakiyar wani tsalle da ko jariri zai iya, Tela ya sake bari aka faɗa. Direba ya janye hannunsa ya ɗora a cinya.

"Ta yi maka magana ko?"

Tela ya fara rantsuwa, Direba ya katse shi. Ya ce ya yi shekaru yana ɗaukar yaran mota, ya san wanda bai iya ba, ya kuma san wanda ke lalata aiki da gangan don kada a isa gari da wuri. Bai ɗaga murya ba, amma ko Sista sai da ta dakata da abin da take yi.

"Malam Tela, ka san abin da ya sa nake son abin nan? Na ga yana da ƙarshe." Ya nuna injin da haɓa. "Wannan ba shi da shi. Kai kuma kana so ka mayar min da wannan ɗin ma irinsa. Ka bar ni in gama wani abu mana."

Tela ya dubi injin da aka nuna masa. Ya tuna matar da saƙarta, ya tuna ya ce mata ta kwantar da hankalinta. Can ya miƙa hannu ya ɗora yatsa a kan maɓalli, ya ce Direba ya tayar da mota.

Ba su sha wata wahala ba. Suka haye igiyoyin, suka bi ta kan dogon sandan jirgi iska na kaɗa su, suka diro gaban babban maci amanar, wani dogo mai takubba biyu da ke sanye da rigar ubangidansa. Sau da yawa ya watsa su a ruwa, amma Direba ya gane shi: in ya sara sau biyu sai ya tsaya gyaran riga. Nan ne wurin shiga. Injin Direba ya yi ƙara, Sista ta zo ta duba hawan jininsa ta ce ya rage zumuɗi ko ta raba su. Ya ce mata ta yi haƙuri, suna kan gada ne, ba a tsayawa. Ta tsaya a bayansu hannu a ƙugu, ba ta tafi ba har sara na ƙarshe.

Dogon ya faɗa teku, rigar ta dawo jikin mai ita. Hadari ya washe. Guntun ɗan fashin ya kama sitiyarin jirginsa, akun ya sauka a kan hularsa, suka nufi inda rana ke faɗuwa. Sunayen waɗanda suka ƙirƙiri gem ɗin suka hau allo, 'yan kaɗan, ba su kai ma'aikatan ɗakin yawa ba.

"Shi ke nan?" in ji Direba.

"Shi ke nan."

Ya jinjina kai, murmushi ya ɗan tsaga fuskarsa. "Sun san inda ake ajiye mota."

Ranar zama na gaba Tela ya riga kowa zuwa. Aka auna shi, aka soka masa allurai, injin ya fara aikinsa, kujerar dama na nan wayam. Ya leƙa baranda ta ƙofa bai ga mai saƙa ba. Sista ta jera robobin Direba a kan injinsa, ta dubi agogon bango. Tela ma ya ɗaga kai ya dubi agogon. Ya fara shirya abin da zai gaya wa matar in sun haɗu, ya rasa ta inda zai fara.

Sai ga faɗin kafaɗa ya cika ƙofa. Direba ya shigo yana faɗa, wai direban bas ɗin da ya kawo su bai san giya ta uku ba, da ya bari ya karɓi motar da tuni sun iso. Matarsa na bayansa, ta ɗaga wa Tela hannu ta koma bencinta.

Da aka gama haɗa shi, Tela ya ce 'yarsa ta sa musu wani sabon gem, wannan dogo ne, sai su yi wata da watanni suna yi. Direba ya ce a bar shi tukuna, yau hannunsa hutu yake so. Ya gyara kwanciya yana kallon silin. Sannan, ba tare da an tambaye shi ba, ya ce shi fa ya taɓa ganin teku da idonsa. Kaya ya kai wata tasha, aka ce sai gobe za a sauke, ya taka har bakin ruwan. Ya ce ya cire takalmi da niyyar shiga, da igiyar ruwa ta taso sai ya kwasa a guje, ƙato da shi, yara na yi masa dariya. Daga nan ya shiga labarin hanyar da ya bi, da gadar da ta karye, da wani yaron motarsa mai tsoron kwaɗi.

Tela ya yi dariya inda ya kamata, ya yi tambaya ɗaya ko biyu. Amma fargabar safiyar ta riga ta gajiyar da shi, ga sanyin ɗaki, ga gurnanin inji. Direba na tsakiyar kwatanta yadda ake sauka gangare da kaya a baya ya waiwaya, ya tarar da mutumin nasa baki a buɗe yana minshari.

Sista ta zo duba allurar Tela. Direba ya yi mata alama da hannu ta bi a hankali, ya rage murya, ya ci gaba da labarinsa daga inda ya tsaya.