Wadda Ba Ta Cikin Hoto

A bayan shagon Mai Faci ƙungiyar mahaya keke take taro, cikin wani ɗaki mai warin roba da giris, tsofaffin tayoyi na rataye a rufinsa. Ranar an share shi, an jera bencina, an kafa farin zanen gado a bango don haska hotuna. Saboda ni da Yaya aka kira taron, ko kuma haka na ɗauka. Ba mu daɗe da dawowa daga ƙasar waje ba, inda muka yi makonni muna ratsa tsaunuka a kan keke, tanti da tukunya da kayan sawa duk a ɗaure a bayanmu.

Muna shiga Ciyaman ya rungume Yaya, ya ja shi zuwa kujerar gaba. Ni kuma ya nuna min kwamfutar da aka ɗora a kan akwatin kayan aiki.

"Auta, ke kika san kan wannan abin. In ya ce na gaba, sai ki danna."

Na zauna, don abin da ya kawo ni ya fi kujera. Baɗi ƙungiyar za ta tura mutum huɗu wata doguwar tafiya a waje, kuma sharaɗin Ciyaman ɗaya ne: sai wanda ya taɓa hawan tsauni da kaya a keke. An riga an zaɓi uku. Tun a jirgi na gaya wa Yaya ina son gurbin da ya rage, ya ce, "Naki ne. Ni gwiwata ta ƙoshi da wahala."

Aka rufe taga, na danna. Ga Yaya a bakin wani tafki. Na gaba. Ga Yaya yana tura keke cikin taɓo. Na gaba. Ga Yaya a ƙofar tanti da kofi a hannu.

"Inji, wannan gemun a can ka noma shi?" in ji Dogo, abokinsa. Inji suke kiran Yaya a ƙungiya, wai ba ya gajiya.

"Sanyin can ko kai sai ka yi gemu, duk da haɓar taka ta ƙi."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na murmusa, amma a lokacin na fara lura da abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Babu ni a hoto ko ɗaya. Ni na riƙe kyamara tun daga farko har ƙarshe. Sau ɗaya na ba Yaya, ya ɗauko babban yatsansa da rabin tayata ta baya, daga nan ban sake ba. Tsayar da baƙo a hanya in ce ya ɗauke ni kuwa, gara in hau tsauni biyu.

Yaya ya saki baki yana ta zuba. Da farko yana cewa "muka hau", "muka kwana". Ban san a wane hoto ba ne na faɗo daga labarin, sai ji na yi yana cewa, "Nan ne taya ta fashe min, na gyara cikin ruwan sama." Tayarsa ce, gaskiya ne. Amma shi lema ya riƙe, ni na gyara.

Likita, wani dattijo da ba ya fashin fita ranar hutu, ya waiwayo ya dube ni ta saman tabarau.

"Ita yarinyar fa? Motar tana iya shiga irin waɗannan hanyoyin?"

Kafin in buɗe baki Ciyaman ya amsa min. "Ai irin wannan tafiyar da motar rakiya ake yi. Kuma wallahi ta kyauta. Ba kowace ƙanwa ce za ta bi yayanta wata uwa duniya tana masa hoto da girki ba. A tafa mata."

Suka tafa min. Na dubi Yaya. Ya ɗauki gorar ruwa ya kafa kai, ya daɗe yana sha, kamar a kansa aka fara ƙishirwa. Na dubi hannuwana a kan kwamfuta, har yanzu da shatin safar hannu, yatsu baƙi ƙirin, bayan hannu fari. Tun da muka dawo Mama take bi na da mai tana cewa na mai da kaina kamar mai sayar da gawayi.

"Na gaba," in ji Yaya.

Hoton ƙololuwa ne, mafi tsawon hawa a tafiyar. Mahaya keke suna da al'adarsu: in ka kai sama da ƙafarka, sai ka tsaya kusa da allon da ke nuna tsawon tsaunin, ka ɗaga kekenka sama da kai. Ga Yaya nan ya ɗaga nasa, haƙora a waje, hazo a bayansa. Ɗakin ya kaure da fito da tafi.

Ga abin da ya faru a ranar. Da safe gwiwarsa ta kumbura, ko feda ba ya iya takawa. Wata motar madara ta tsaya, muka ɗora shi da kekensa a baya. Direban ya yi ta yi min alama in hau, na girgiza kai. Ni kaɗai na yi hawan nan, daga hantsi har rana ta karkata, iska na ture ni, ƙafafuna na rawa. A wata kwana na tsaya na yi kukana na share, na ci ragowar burodin da ke aljihuna, na ci gaba. Da na iso, na tarar da shi a nannaɗe cikin bargo yana shan shayi. Ko sannu bai gama yi min ba ya ce, "Yi sauri ki ɗauke ni kafin hazo ya rufe allon." Ya kwance jakunkuna, ya ɗaga keke. Daga baya ya roƙe ni kada Mama ta ji maganar gwiwa, hankalinta zai tashi. Na yarda. Har hoton motar na ware shi gefe don kada ya shiga cikin na yau. Don Mama na yi shiru, ba don wannan ba.

Ciyaman ya miƙe. "Jama'a, ina ga gurbi na huɗu ya sami mai shi. Ko akwai mai ja?"

Yaya ya sosa ƙeya, bai dubi inda nake ba. "To, in manya sun ce in je, ai ba zan ƙi ba."

Na so in yi magana, amma na san muryata, ba za ta wuce bencin farko ba.

"Na gaba, Auta," in ji Yaya.

Na nemo wanda na ware, na danna.

Hanya ce tana murɗewa zuwa sama. A tsakiyarta bayan motar madara, Yaya zaune tsakanin garewani, ƙafa a miƙe, kekensa kwance kusa da shi, yana ɗaga min hannu. A ƙasan hoton ga kan keke, ga hannu cikin yagaggiyar safa, ga ƙararrawa ɗaure da koren zare.

Dogo ya leƙa ta ƙofa inda na jingine kekena, ya ga koren zaren a ƙararrawarsa, ya dawo da kansa a hankali.

"Inji, ashe injin na mota ne?"

"Gwiwa ce," in ji Yaya. "Rana ɗaya ce kawai."

"Babu motar rakiya," na ce. Muryar ta fito ƙarama, sai na maimaita. "Babu motar rakiya, ranka ya daɗe. Ni na hau. Da kaya. Gurbin nake so."

Likita ya cire tabaransa yana gogewa. Ciyaman ya dubi bango, ya dubi Yaya, ya dubi rufi, kowa dai ban da ni.

"To, ai magana ta fito," ya ce. "Sharaɗi sharaɗi ne, Auta ta cika. Sai dai ba za mu tura 'ya mace ita kaɗai cikin maza ba. Za mu san yadda za a yi a ƙara gurbi, Inji ya je ya kula da ita."

Ya kula da ni. Na ji kamar in ɗauki famfon da ke kusa da ƙafata. Wato ni sai da na hau tsauni, na kawo shaida, na kunyata ɗan'uwana a gaban mutane, shi kuwa ya isa ya zama yayana kawai. Kuma babu wanda ya ga abin mamaki a ciki, har wasu suna gyaɗa kai wai an yi adalci.

A waje Yaya ya sha mur yana kwance makullin kekensa.

"Kin kyauta. Dogo zai shekara yana kira na mai madara."

"Kai ka ce gurbin nawa ne."

"Da zan gyara maganar daga baya."

"Yaushe? Bayan jirgi ya tashi?"

Na ciro kyamarar daga jaka, na rataya masa a wuya.

"Tunda rakiya za ka yi, ga aikinka. Fara yanzu."

Na kama kekena, na ɗaga shi sama da kaina a ƙofar shagon Mai Faci, mutane na wucewa suna kallona, kunya kamar ta kashe ni. Ya danna, ya miƙo min. Yatsansa ya rufe rabin fuskata.

"Sake," na ce, na ƙara ɗagawa.