Tattabarun Ɗantani Sun Koma Tsohon Gida

Duk ranar Talata, idan kasuwar Mafara ta fara watsewa, mutum uku kan haɗu a rumfar Gajere kafinta. Kiwon tattabara ne ya haɗa su. Akwai Gajere mai rumfar, da Manu, Bafulatanin Garbadu, sai Ɗantani, wanda aka tashi ƙauyensu saboda ruwan madatsar Bakolori, aka ba su sabon matsuguni kusa da Maradun.

Ran nan Gajere yana ƙera wa Ɗantani akwatin tattabaru. Zarto sai kuka yake, ba ya cin katakon.

Manu ya gutsuri hoce, wainar dawar da suke ci, ya ce, "Wanga zarto naka ya fi kakata giɓi."

"Miƙo man magagari, ka ci hocenka. Bafillace ya bar nono ya koma ga hoce, ai duniya ta zo ƙarshe."

"To mi ya rage? Tun da katafila ta shiga fadama ko zabon daji ban ƙara gani ba. Da can har gada nake tararwa bakin gulbi."

"Gadar ma ta samu aikin kamfani," in ji Gajere. "Na gan ta da hular kwano."

Suka bushe da dariya, ban da Ɗantani. Hocensa na nan a gabansa bai taɓa ba. Gajere ya dakata da wasa zarton.

"Malam Ɗantani, lafiya? Ko matarka Saude ta soye maka tattabarun ne?"

"Da ma soye su matar nan ta yi, da na huta. Sun koma."

"Ina?"

"Tsohon gida. Dukansu."

Manu ya ajiye hocensa. Duk mai kiwo ya san ƙa'idar: in ka sauya wa tattabara gida, sai ka fige mata gashin fiffike, ka tsare ta har ta yi ƙwai a sabon wuri. Daga nan ba ta tafiya.

"Ba ka fige su ba ke nan?"

"Na kama farar nan, uwarsu, na ji ƙirjinta na bugawa a tafina. Sai na kasa." Ya sunkuyar da kai. "Tukwanensu na nan jikin zaurena. Can suka koma suka yi ƙwai. Ruwa kuwa kullum matsowa yake."

Ba wanda ya sake zolaya. Gajere ya ɗauko guduma, Manu ya riƙe masa katako, suka gama akwatin kafin la'asar sakaliya.

Washegari suka ɗaure shi a bayan keken Gajere, suka nufi tsohon ƙauyen. Ba su kai ba. Hanyar ta nutse tun daga gindin tsamiyar da ake sauke kaya. Daga kan tudu suna hango gidajen tsaye cikin ruwa, babu jinka ko ɗaya, don masu su sun kwashe. Zauren Ɗantani na can tsakiya, ruwa ya kai masa rabi. Tukwanen suna rataye a sama, tattabaru na shiga suna fita kamar ba abin da ya faru.

"Babu mai kwalekwale nan kusa?" in ji Gajere.

"Masunta na can wajen madatsa," in ji Manu. "Kafin mu samo ɗaya sai jibi."

Ɗantani ya fara naɗe wando. Manu ya cafke hannunsa.

"Ina za ka? Akwai rijiyoyi buɗe ƙarƙashin ruwan nan, kai ka fi ni sani. Ga shi ba ka iya iyo ba."

Ɗantani ya tsaya. Ya kwance ƙullin gero, ya watsa a ƙasa, ya tafa hannu, ya yi irin fiton da ya saba yi musu da safe. Garken ya tashi. Suka zagayo har saman kawunansu, farar tana gaba, ta yi ƙasa-ƙasa har suna jin iskar fiffikenta.

"Taho, 'yar albarka," in ji Gajere a hankali. "Taho mana."

Ta juya. Sauran suka bi ta, suka koma kan zauren.

Bangon jar ƙasa ne, ya daɗe yana shan ruwa. Suna kallo gefe guda ya tsage, ya zame a hankali, ya tafi da tukwane biyu. Tsuntsayen suka watse sama, suka yi ta kewaya wurin, sannan suka sauka a kan abin da ya rage na bangon.

"Allah ya sa sauran ya kai jibi," in ji Manu.

Ɗantani ya ɗebi wani geron ya sake watsawa.

"Ku kama hanya, rana na yi," ya ce. "Ni zan ɗan ƙara kira."

Ba su tafi ba. Suka zauna kusa da shi a kan tudun, yana ta fito har leɓɓansa suka bushe.