Garmaho a Boɗinga, Kaki a Shagari

Ranar da aka raba gadon Malami, alƙalin rabon ya so ya rabu da kowa lafiya, sai ya raba abin da ba ya rabuwa. Ya ba Daso garmaho, ya ba ƙanenta Ɗanmusa kakin. Daso ta ɗora nata a kai ta koma gidan mijinta a Boɗinga, Ɗanmusa ya kulle nasa cikin gwangwani a gidan uban a Shagari. Shekara arba'in ke nan da ɗoriya.

Garmahon ba irin mai faifai ba ne, ya girmi wannan. Akwatin katako ne mai hannun da ake murɗawa a yi masa wani a gefe, da ƙaho na tagulla kamar ƙaton mazurari. Abin da ake zura masa kaki ne mulmulalle mai rami a tsakiya, tsawon gwangwanin madara, jikinsa duk siraran layuka da allura ke bi. Malami ya same shi wurin wani Bature mai allurar shanu da ya yi wa riƙon doki. Ko a lokacin abin tsohon yayi ne, shi ya sa Baturen bai ga dalilin ɗaukar nauyinsa zuwa gida ba. Sauran kakin masu kiɗan Turawa yara sun farfashe su tun tuni. Guda ɗaya ya tsira, wanda ya zo babu komai a jikinsa, irin wanda in aka yi magana a ƙahon yake riƙewa.

Kowace Sallah, bayan an sauko daga idi, Malami kan fito da shi ya yi masa wani, ya tara iyalinsa. Sai wata murya ta fito, mai kauri, tana jan ƙafa, kamar sa ya faɗa rijiya yana ba da labari daga can ƙasa. Ba wanda ya taɓa tsintar kalma ɗaya. Malami kan shafa gemu ya ce addu'a ce ya yi musu, kowa ya shafa. Inna kuwa, uwarsu, da an taɓa hannun wanin nan, sai ta tuna tana da aiki a madafa.

Bayan rabo, garmaho ya zama wurin ɗora kwanon tuwo, kaki ya zama abin tinƙaho. Daso ta ce ita ce babba, ƙane ne zai zo mata. Ɗanmusa ya ce shi ne a gidan uba, kuma murya ba ta zuwa yawon gidan surukai. Ba faɗa suke ba, suna gaisawa a suna da biki, har goro suke aika wa juna. Wannan magana ɗaya ce dai kowa ya kafe a kanta. Shi Ɗanmusa ma abin ya yi masa rana. Duk gardamar da ta tashi a Shagari, ko ta iyakar gona ce ko ta ranar da za a buɗe wa shanu kara, sai ya gyara hula ya ce, “Baba ya hwaɗi cikin kaki.” Wa zai ƙaryata shi, garmaho yana Boɗinga?

Abin da ya tayar da maganar kunnen Daso ne. Na dama ya daɗe da ajiye aiki. A bazarar nan na hagu ma ya fara, har malamin asibiti ya leƙa da ’yar fitilarsa ya ce kada ta sa rai zai kai damina biyu. Ta dawo gida a Keke cike da tsoro. Ba kurumtar ta fi damunta ba, mutanen Boɗinga ba su faɗar abin da za a yi kewarsa. Muryar ubanta take son ta ƙara ji ko sau ɗaya.

Don Daso ’yar gaban goshin ubanta ce. Ita ce ’yar fari, kuma kowa ya san yadda uwa take da ’yar fari: ba ta kama sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ana yaye ta aka miƙa ta ɗakin kaka. Sunanta na yanka Safinatu, kakar ce ta laƙaba mata Daso don an haife ta ana dashen albasa. Inna ko ɗaya ba ta taɓa furtawa ba har ta koma ga Allah. Sai dai “ke”, sai “waccan”. Daso ta san kunya ce, ita ma haka ta yi wa nata ɗan farin. Amma sanin bai hana ta jin zafi ba duk lokacin da ta ji Inna tana rangaɗa wa Ɗanmusa kira tun daga bakin rijiya.

Ta roƙi ƙanenta? Ko kusa. Sai ta kira Atika, mai kai ƙuliƙuli kasuwar Shagari, wadda maganar da ta shiga kunnenta ba ta taɓa kwana a cikinta ba.

“Atika, zan hwaɗa miki wata magana, amma ki rufa min asiri,” in ji Daso, tana jan ta kusa. “Kin san kakin nan na Baba? Ai babu shi. Tulun Ɗanmusa yat tsage, yan narka muryar ubanmu yal liƙe tulu da ita. Gwangwanin banza yaka nuna ma mutane.”

Atika ta dafe ƙirji ta rantse ba mai ji daga bakinta. Kafin la’asar ta ranar kasuwa, masu sayar da nono a Kajiji sun sani.

Ita kuwa Daso ta sauke kwanon tuwo daga kan garmaho, ta aika a kira Maniru mai gyaran keken ɗinki. Maniru mutum ne mai furfura da haƙuri, wanda yake yi wa ƙarfe magana kamar majinyaci. Ya kwance gindin akwatin, ya kori gidan gizo-gizo da na zanzaro, ya ɗiɗɗiga mai. Can sai ya tsaya, ya sa hantsaki ya zaro wani guntun karan gero da aka naɗe da zaren fata.

“Hajiya, wanga ba lalacewa ta ba,” ya ce. “Hannu yas sa shi. An danne abin da ka ba shi gudu, shi ya sa yaka tahiya kamar jakin da ya ƙoshi.”

Daso ta ce ya ajiye shi gefe, ƙila yara ne. Hankalinta yana hanya.

Ba ta daɗe tana jira ba. Washegari da hantsi babur ya tsaya a ƙofar gida, Ɗanmusa ya sauko daga baya, babbar riga ta tattare masa a wuya, ya rungume wani ƙunshi a ƙirji. Jiƙaƙƙen buhu ne ya naɗe gwangwanin da shi don kada rana ta taɓa kakin, ruwan ya jiƙe masa gaban riga har cibiya. Ko sallamar kirki bai yi ba.

“Adda! Ni za a ce na liƙe tulu da Baba? Ni?”

Daso ta tara hannu a kunne. “Mi kac ce? Tulu kaka son saye?”

“Ki bar wanga wasa, Adda. Jiya a masallaci wani yat tambaye ni ko ruwan tuluna na magani na, tunda da addu’a ciki!”

Sai da ta ciji leɓe don kada dariya ta tona ta. Ta ce ita ba ta san wanda ya ƙaga wannan ƙarya ba, Allah ya shirye shi, amma tunda ga kaki ga garmaho a ɗaki ɗaya, ai sai a kashe bakin mutane. Ɗanmusa ya dubi akwatin yana ƙyalli da mai, ya dubi Maniru zaune a tabarma da tsummansa a kafaɗa. A nan ya gane an yi masa tarko, kuma da ƙafarsa ya shigo. Ya so ya juya, amma matan unguwa sun riga sun cika tsakar gida, Atika a sahun gaba. Daso ta sake labule ta ce a dakata a waje, maganar iyali ce.

Maniru ya karɓi kakin da yatsu biyu ta cikin ramin, ya ɗaga shi ga haske. Ya nuna musu tsaga siririya da ta taho daga baki, da farin tabo inda danshi ya ci. Ya ce allura kankarar kakin take duk lokacin da ta bi, wannan kuwa in ya ɗauki juyi ɗaya lafiya an gode Allah, na biyu ba ya yin alkawari. Abin da ke ran Ɗanmusa daban ne: shekara arba’in yana sa wa Baba magana a baki, yau Baba zai yi da kansa.

Daso ta matso ta cusa kunnen hagu cikin ƙahon har ɗankwalinta ya zame. Maniru ya yi wani, ya yi bisimilla, ya sauke allura.

Da farko ƙara ce kawai, kamar ana soya gyaɗa. Sannan wani ya yi gyaran murya, aka yi ’yar dariya ƙasa-ƙasa. Dariyar mace.

“Wai an ce abin ga na riƙe magana,” in ji muryar, siririya, ta yarinya ɗanya. “Malam ya ɗaura shi ya tahi kiran liman shi zo shi gani shi yi addu’a. To bari in riga shi.”

Ɗanmusa ya miƙe zumbur. “Maniru, ka ɓata shi! Ka mai da Baba mace!”

“Zauna,” in ji Daso, ba ta ko juyo ba. Jikinta ya riga ya gane tun kafin kanta ya gane. “Inna ta.”

Muryar ta ci gaba, tana haki kamar mai satar nama a tukunya. Ta ce Malam yana ta alfahari da akwatin Nasara, ga ɗakinta yana yoyo tun bara. Ta ce wannan na cikinta kuma tun safe yake shurinta, da gani in ya fito gardama za ta yi masa yawa. Maniru ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Ɗanmusa ya koma ya zauna a hankali.

Sai muryar ta yi shiru. Allura tana ta soya gyaɗarta, har Daso ta ɗauka ya ƙare.

“Kai akwati, kai ba mutum ba ne, ba ni jin kunyarka,” ta dawo, yanzu a hankali. “Ga ta can ƙohwar ɗakin kakarta, tana cin ƙasa, ba ta san ina kallonta ba. Riƙe min wanga, kar ka hwaɗa ma kowa.” Aka ja numfashi. “Safinatu. Safinatu. Ɗiyata Safinatu...”

“Na’am, Inna.”

Daso ba ta san ta amsa ba sai da ta ji muryarta ta dawo mata daga cikin ƙahon. Tsohuwa mai jikoki goma sha, ta amsa kamar wadda za a aika ɗebo wuta. Daga can cikin kakin aka ji an ce, “Wayyo, ga su nan tahe!” sai ƙarar gudu, allura ta kai ƙarshe tana ƙwas-ƙwas har Maniru ya ɗaga ta.

Hawaye suna bin fuskar Daso ba ta share ba, daɗi da baƙin ciki sun haɗe mata wuri ɗaya, ta rasa wanda za ta fara ji. Idonta ya sauka kan guntun karan nan mai zaren fata a gefen tabarma. Yanzu ta san hannun da ya sa shi. Malami ya dawo da liman ya tarar matarsa ta cinye masa kaki, ya saurara shi kaɗai, ya ji abin da ya ji. Bai fasa ba, bai tona ta ba. Ya danne gudun abin har muryar matarsa ta yi kauri kamar ta namiji, ya riƙa tara su kowace Sallah suna shafa addu’a, ita kuma tana gudu madafa.

Ɗanmusa ya share ido da jiƙaƙƙen hannun riga. “Adda,” ya ce, murya a ƙasa, “to ni mi za ni ce ma mutanen Shagari?”

“Abin da ka saba. Ai ka fi Baba sanin abin da Baba yac ce.”

Maniru ya tambaya ko a ƙara juyi ɗaya, ƙila ya ɗauka. Daso ta daɗe tana kallon kakin. Kunnen zai tafi, ta sani, kuma ba za ta sake samun wannan ba. Amma ta girgiza kai.

“An kira ni, na amsa. Ya isa.” Ta ɗauki karan ta miƙa masa. “Mai da shi inda kac cire shi. Yadda kat tarar.”

Maniru ya dube ta, ya karɓa da hannu biyu.

Da ta ɗaga labule, matan suka yo kanta, Atika har tana taka zanen wata.

“Hajiya, mun ji kamar muryar mace! Wa ta?”

“Ku da kunnuwanku biyu-biyu,” in ji Daso, tana gyara ɗaurin ɗankwali. “Baba na. Addu’a yay yi muna. Ko ba haka ba, Ɗanmusa?”

Ɗanmusa ya fito bayanta, ya gyara hula, ya ce ƙwarai kuwa, kuma yana roƙon a shaida wa Kajiji tulunsa lafiya lau yake. Matan suka ɗaga hannu suka shafa. Ya hau bayan babur da jiƙaƙƙen buhunsa a hannu. Gwangwanin yana nan kan tabarmar Daso, kuma bai waiwayo ya tambaya ba.