Motar Nazarali Mai Tsalle

Motar mijina Nazarali koriya ce, ƙirar Rasha, kuma ta girmi aurenmu. A cikinta aka kawo ni gidansa, da ita muke kai inabi da kankana kasuwar birnin Khujand.

Wata shekara sai ta soma tsalle. Ɗan rami kaɗan za ta taka, ta yi ta sama da ƙasa har mu wuce gidaje uku. Inabi ya isa kasuwa a dame, kankana ta fashe a but. Yaran unguwa suka sa mata suna Akuya. Nazarali ya ƙara wa tayoyi iska, ya rage, ya loda buhunan yashi a baya, duk a banza.

Bakanike ɗaya ne a ƙauyenmu, yayansa Shodmon. Tun rasuwar mahaifinsu suka saɓa a kan ruwan ban gona, ko a masallaci kowa da gefensa.

Surukata Inna Zebo ce ta kawo ƙarshen abin. Ta matsa a kai ta ƙauyensu a kan dutse ta ga ƙanwarta. Ba mu kai gadar bakin ƙauyenmu ba kanta ya bugi rufin mota.

"Tsaya!" in ji ta. "Ni na haife ka, ni ba kankana ba ce."

Ta sauka da sandarta, ta ce ba za ta sake shiga ba sai Shodmon ya duba motar. Washegari ta hana Nazarali shayi har ya ɗauki makulli. Na bi shi, don na san halinsu.

Mun sami Shodmon a gindin inabin ƙofar garejinsa. Bai dubi ƙaninsa ba, ni ya gaisar.

"Mehri, tambayi mijinki, mota ya kawo ko rawar biki?"

"Gaya masa in ba zai iya ba mu tafi birni," in ji Nazarali.

Ban isar da ko ɗaya ba. Shodmon ya zagaya motar, ya danna gaban da ƙarfinsa ya saki. Ta ɗago ta tsaya. Ya danna bayan, sai ta kama lilo kamar ba za ta daina ba. Ya shafa tayar baya, ya nuna mini yadda ta cinye tudu da kwari. Sannan ya kwanta a ƙarƙashi, ya fito da hannu sharkaf da baƙin mai.

"Shakazoba biyun baya sun tsiyaye. Sifirin ɗaya ya karye, robobin duk sun tsattsage. Mehri, wane mai hankali ne ya ɗora wa mara lafiya buhun yashi?"

Kunnuwan Nazarali suka yi ja. Ya sauke buhunan.

Shodmon ya ɗaga motar da jak, ya kwaso kayan gyara daga wata mota da ta mutu a bayan gareji. Aiki ya tafi daidai har ya iso kan wani noti da tsatsa ta cinye. Ya zuba mai, ya buga, ya yi gumi, noti ya ƙi. Sai mutum biyu, ɗaya ya riƙe ɗaya ya murɗa. Na ji muryarsa daga ƙasa:

"Nazar, riƙe mini nan mana, kana tsaye kamar turke!"

Nazarali ya shige ƙarƙashi da farar rigarsa ta zuwa kasuwa.

"Ba nan ba, sakarai, na sama."

"To ai kanka ya tare, Yaya."

Da notin ya saki, sifana ta kuɓuce ta bugi Shodmon a goshi. Can sai na ga ƙafafu huɗu suna rawa, dariya suke yi har da tari. Na wuce cikin gida wajen matar Shodmon, muka ɗora shinkafa da karas da naman rago, muna dafawa muna share hawaye.

Ranar tafiya ƙauyen su Inna Zebo, Shodmon ya ce sai ya zo ya ji aikinsa a hanyar dutse. Suka zauna gaba suna gardamar wanda ya fi iya tuƙi, har suka koma kan maganar ruwan, suka yi ta ihu, suka raba kwanakin ban ruwa a tsakaninsu kafin mu kai rabin hanya. Inna Zebo ta jingina da kafaɗata ta yi barci. Ba ta farka ba sai da iskar dutse mai ƙanshin ciyawa ta shigo ta taga.

Mun yi mako a can. Ita da ƙanwarta suka yini a kan shimfiɗa ɗaya suna tsinke busasshen inabi, suna kiran sunayen mutanen da babu wanda ya sani sai su. Ita ce tafiyarta ta ƙarshe, domin sanyin shekarar ya tafi da ita. Shodmon da Nazarali ne suka sa ta a kabari, ɗaya ta kai ɗaya ta ƙafa.