Saƙon da Kawu Usaini Ya Kai

Shekara biyu Safara'u ta yi tana taimaka wa malamar aji ɗaya a firamaren ƙauyensu, kusa da Gagarawa. Aikinta fiƙe fensir, raba faɗa, da riƙe hannun yaran da suka saba da allo, masu fara rubutun boko daga dama, har su yarda su taso daga hagu. Tana son aikin nan ƙwarai. Da lokacin neman gurbi a kwalejin horar da malamai ta Gumel ya zo, sai aka ce ta zaɓa: karatun koyarwa a firamare, ko na sakandare. Ita kam tuni zuciyarta ta zaɓi firamare, amma ba za ta rubuta komai ba sai da yardar mahaifinta.

To, Safara'u 'yar fari ce, Malam Dalhatu kuwa mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" ce a bakinsa, kuma duk maganar da ta fi gaisuwa nauyi sai ta bi ta hannun ƙanensa, Kawu Usaini. Shi kuma Kawu, in ka aike shi da magana a cokali, a kwano yake kai ta.

"Ke Safara'u, Yaya ya ce sakandare," in ji Kawu. "Har yaushe za ki yi ta goge majinar 'ya'yan mutane? Ki shiga aji da takalmi mai ƙwas-ƙwas, manyan ɗalibai su miƙe!"

Ta ce to. Me za ta ce? Kwana huɗu tuwo bai yi mata daɗi ba. In ta dubi yaran ajinta sai ƙwalla ta taru mata.

Ranar cika fom ta faɗo Alhamis, Kawu ya kai raguna kasuwar Maigatari. Ba mai kai ta Gagarawa Tasha ta hau mota, dole Malam Dalhatu ya fito da babur ɗinsa. Ta hau can ƙarshen kujera. Shi yana kallon hanya, ita tana kallon gonakin riɗi. Ashe in ba a haɗa ido ba, magana tana da sauƙi.

"Jiya Ilu mai faci ya tare ni," ya ce, kamar da kan babur yake hira. "Wai 'yarsa ta karanta masa rubutun jikin buhun taki. Wai a hannun yarinyar nan ta koya."

Safara'u ta gyara zama. "Baba, ko sakandaren na je, zan yi ƙoƙari in Allah ya yarda."

Babur ya rage gudu. "Wace sakandare?"

"Wadda Kawu ya ce ka ce."

"Ni?" Ya kauce wa wata amalanke. "Cewa na yi ta bi inda take da amfani. Shi kuma ya dawo ya ce mini yarinyar nan ta gaji da ƙananan yara. Abin bai yi mini daɗi ba, na dai bar shi a ciki."

"Wallahi ban gaji ba, Baba."

"Usaini ke nan," ya ce. Ta ga kafaɗarsa tana motsi, dariya yake yi.

Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. A tasha ya ajiye ta, ya ce Allah ya yi albarka, yana duban tayar gaba. A mota an matse ta tsakanin buhun gero da wata tsohuwa mai kaji, amma ko a jikinta.

A Gumel, mai shagon kwamfutar da ake cika fom ya duba takardunta ya ɗaga kai.

"Malama, da wannan sakamako? Duk masu irinsa sakandare suke nema. Kin yi shawara da gida kuwa?"

"Na yi," ta ce. "Sa firamare."