Mangwaron Kabarin Azariya

Emilia ta ɗaga jaririnta daga bahon wanka ke nan, ta yi taku uku zuwa ƙofar ɗaki, sai reshen mangwaro ya ɓallo ya sauka daidai inda ta tashi. Bahon ya rabe biyu. Da hantsi ne, ko ganye ba ya motsi.

Surukarta, Mama Milka, tana bakin kabarin mijinta da tsintsiya a hannu. Matar da duk Zonkwa ta sani da baki, wadda in ta miƙe magana a zumuntar matan majami'a sai an kaɗa mata ƙararrawa sau biyu kafin ta zauna, ranar nan sai ta tsaya shiru tana kallon ruwan wankan yana bin ƙasa.

"Yesu! Mama, kin gani?" in ji Emilia.

"Na gani. Kai shi ɗakina. Kar ki koma naki."

Shekara shida ke nan da rasuwar Azariya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa na Kafanchan. Tun yana kwance ya ce a binne shi a tsakar gida, a inuwar mangwaron da yake zama da rediyonsa. Haka aka yi, taku biyar gabas da gindin bishiyar. Ɗansu Nelson, mijin Emilia, da ke aiki a Kaduna, ya zo ya lulluɓe kabarin da farin tayil, irin wanda ko ɗakin masu rai a gidan bai samu ba. Mata sun yi maganar nan a bakin famfo har ta tsufa. Milka kuwa ba ta taɓa bari ganye ya kwana a kan tayil ɗin ba.

Kafin a aika kiran kowa, Gershon, ƙanen marigayi, ya shigo. Shi dama kunnensa na jingine da katangar gidan.

"Matarmu, me ya faru?"

"Kai za ka tambaya? Wa ya sa aka sare saiwar bishiyar nan ranar da kuke tonon kabari? Na ce ku matsa gaba, ka ce mace ba ta da baki a wurin tono. To ga shi."

"Saiwa biyu kawai, Milka. Shekara shida!"

"Ƙirga su ka yi?"

Emilia ce ta buga wa Nelson waya, shi kuma ya turo Nuru, mai injin yankan itace, daga Kafanchan. Da azahar ya iso a kan mashin, injin ɗaure a baya, igiya a kafaɗa. Mutum ne marar yawan magana. Ya gaishe su, ya tsaya a kabarin ya cire hula, sannan ya shiga zagaya bishiyar yana ƙwanƙwasa ta da bayan gatari. Ta gefen kabari, ƙarar ta fito a cike. Da ya zagaya ta yamma, ɓangaren da ke kallon ɗakin Emilia, sai ta amsa kamar ganga.

Ya tsuguna. Akwai tulin toka a wurin, jingine da gindin bishiyar. Ya share da hannu, ya ɗauko wani guntun rodi ya soka. Rodin ya shige har hannunsa ya ɓace zuwa gwiwa. Da ya zaro, baƙin gawayi ne da gara suka biyo.

"Mama, zo mana," ya ce a hankali, yadda Gershon ba zai ji ba. "Wa ke ƙona shara a nan?"

Milka ta dubi tokar. Kowace safiya ta rani takan share busasshen ganyen da ya zubo kan kabari, ta tara shi a bayan bishiyar, ta kunna ashana. Ta zaɓi wurin ne don kada hayaƙi ya ɓata farin tayil. Kowace mace a unguwar haka take yi, a gindin bishiya ake tara ganye, sai dai ba kowa ke da kabarin sharewa kullum ba.

"Wutar ai ƙarama ce," ta ce. "Ganye ne kawai."

"Ƙarama ce, Mama. Amma kullum ce. Ta ci ɓawon, bishiyar ta bushe ta wannan gefe, gara ta shiga ta ƙarasa. Ga kuma wata biyar babu ɗigon ruwa. Abin da ke riƙe da ita yanzu bai wuce tafin hannuna ba."

"Saiwar da aka sare fa?"

"Ta warke tuntuni. Wancan gefen ne ma mai lafiya."

Milka ta jingina tsintsiyar da bango kamar wani abin da ba nata ba.

Nuru ya miƙe ya yi wa kowa bayani, bai ambaci toka ba. Iskar ruwan farko daga gabas take zuwa, in ji shi, za ta tura bishiyar yamma, kan ɗakin Emilia, kanta kuma ya kai har hanyar famfo da ke bayan ɗakin. Hawa sama a rage rassa ba zai yiwu ba, ba za ta ɗauki nauyin mutum ba. Kudu akwai wayar wuta, arewa ɗakin Milka. Fili ɗaya ne ya rage da za a ja ta da igiya ta kwanta.

Duk suka juya suka kalli kabarin.

"Ba a yi ba!" Gershon ya daka tsawa. "A kan yayana? Da raina? Me dangi za su ce? Me za a faɗa a majami'a ranar Lahadi? A fitar da kayan Emilia, in ta faɗi a kan ɗaki a sake gini. Ɗaki ai bulo ne."

"Hanyar famfon fa, Baba?" in ji Nuru. "Ba ta sanar da ranar da za ta faɗi."

"Sai a jira Nelson ya zo Asabar, a kira dattawa, a kira fasto. Ba a taɓa kabari haka kawai kamar kunyar doya."

Nuru ya nuna gabas da baki. Ƙasan sama ya fara yin duhu can wajen duwatsu, zafin kuma ya tsaya cak, irin wanda tsofaffi suka san abin da ke biye da shi.

Zuwa lokacin, maƙwabta sun cika ƙofar gida, har da waɗanda suka shekara ba su gaishe da Milka ba. Ta san abin da suka zo ɗauka. Da ta so, sai ta bar laifin a wuyan Gershon, Nuru ba mai tona ta ba ne, kuma garin zai yarda, don Gershon ya yi abubuwan da suka fi haka. Ta dubi ƙofar ɗakinta. Emilia na tsaye a ciki, jaririn a kafaɗa, har yanzu da kumfar sabulu a bayan kunnensa.

"Baban Theresa," ta kira Gershon da sunan 'yarsa, abin da ba ta yi sai magana ta yi nauyi. "Ba kai ba ne. Ni ce na ƙone ta. Shekara shida ina kunna mata wuta a gindi don kada yayanka ya yi datti. Je ka sa hannu ka gani."

Gershon ya je ya tsuguna, ya daɗe a wurin. Da ya taso, bai dube ta ba.

"Ko da haka ne, matarmu, a jira Nelson."

"Nelson tayil ya sa. Ni na kwana da mutumin nan shekara arba'in da ɗaya. In akwai wanda zai nemi izininsa, ni ce."

Ta shiga ɗaki. Aka ji ana jan abu. Sai ga ta tana fitowa da baya, tana jan katifar gadonta, tsohuwa mai auduga, wadda ta lotsa gida biyu. Wasu mata biyu suka ruga suka kama mata. Suka shimfiɗa ta a kan farin tayil. Nuru ya ce a ƙara tsofaffin tayoyi, aka kawo huɗu daga wurin mai faci. Gershon ya tsaya yana kallo har aka gama, sannan ya je ya zare ƙaramin gicciyen ƙarfen da ke kan kabarin, ya rungume shi ya koma gefe.

Nuru ya jefa igiya ta maƙale a babban reshe, maza shida suka kama bakinta suka ja da baya har wajen katanga. Iska ta fara kaɗawa, mai ƙanshin ƙasa, busassun ganye suka shiga zubowa. Nuru ya sa ƙafa a kan injin, ya riƙe igiyar tayarwa, ya dubi Milka.

"Mama, in tayar?"

"Dakata."

Ta je ta durƙusa a wajen kan kabarin, ta ɗaga gefen katifar kaɗan, ta sa bakinta kusa da tayil, kamar mai tashin wanda ya yi barcin rana.

"Baban Nelson, ni ce. Ka yi haƙuri. Jikanka ne a wancan gefen." Ta shafa tayil ɗin. "Sunkuyar da kanka, ga ta nan zuwa."

Ta mayar da katifar, ta danna gefen da tafin hannu, ta miƙe da ƙyar. Sannan ta ɗaga wa Nuru hannu.