Rariyar Mama a Hancin Giwa

Babanmu yana iya gane ciwon mota daga ƙarshen layi. Yana zaune a kujerar roba a ƙofar gida, mota za ta wuce, sai ya karkata kai ya ce, "Wannan fulog ɗinta ɗaya ya mutu," ko kuma, "Allah ya saka wa wannan baiwar Allah, mai ita ya hana ta baƙin mai." Rayuwarsa duka ya yi ta yana tuƙa motocin wata ma'aikata, har suka sallame shi da agogon bango da takardar yabo. Abin da kunnen nan nasa ya kasa ji shi ne ƙirjinsa, wanda mu muke ji daga ɗaki na gaba yana fito kamar butar shayi a kan wuta. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Likitar ƙaramin asibitin unguwa ta saurari ƙirjin, ta ɓata fuska, ta ce ya je babban asibiti a yi masa hoto da awo, kada ya yi wasa. Babban asibitin a kan tudu yake, tudu mai tsawo da kwana a tsakiyarsa. Nan Baba ya sami mafaka.

"Giwa ba za ta hau tudun nan ba a halin da take ciki," in ji shi. "Numfashinta ya yi ƙasa. Bari in gyara ta tukuna."

Giwa ita ce tsohuwar jif ɗinsa, mai ruwan toka, wadda ta girmi aurena, ta girmi karatuna, da kaɗan ma ta girme ni. Ni ce auta. Ina koyarwa a firamare, na kuma iya tuƙi tun kafin in yi aure, amma ko ƙurar sitiyarin Giwa ban taɓa sharewa ba. Makullinta a aljihun Baba yake kwana.

"Baba, ga tasi cike da gari," na ce.

"Ni? In shiga bayan mota, wani yaro yana nika giya a gabana? Ai kafin mu isa hawan jini ya riga ciwon ƙirjin kashe ni."

"To bari in karɓo motar maigidana in kai ka."

"Wannan gwangwanin? Auta, ki bar ni in mutu da mutuncina."

Na san abin da yake ci masa rai, Mama ma ta sani. Wansa ya hau tudun nan da ƙafarsa da irin wannan tarin, a kwance aka sauko da shi. Tsoro Baba yake ji, kuma ya gwammace a ce masa mai taurin kai da a ce masa matsoraci. Ni ma tsoron nake ji, sai dai nawa faɗa yake zama.

Yayanmu ne ya ƙara dagula lamarin. Daga can inda yake aiki ya turo wa Baba wani bidiyo a waya, wai don ya ɗebe masa kewa. A ciki wani mai ƙaton gemu yana bayanin cewa inji yana son iska mai sanyi, amma akwatin iskar tsofaffin motoci a gefen inji yake, zafi kawai yake shaƙa. In aka cire akwatin, aka ja bututu zuwa inda iska take da sanyi, sai mota ta dawo budurwa. Abin nema ya samu. Baba ya kalli bidiyon nan har batirin wayar ya mutu, ya sa caji, ya sake kallo.

Ya je shagon kayan mota ya ga na sayarwa, mai ƙyalli, da jar hula a bakinsa. Ya juya shi, ya leƙa ciki, ya mayar wa mai shago.

"Wannan ai bututu ne da kwalliya," ya ce mana da ya dawo, yana haki a bakin ƙofa. "Bututu kuwa muna da mai shi."

Mai shi ɗin shi ne Kawu Mai Famfo, amininsa tun suna samari. Kawu bai taɓa tuƙa abin da ya wuce keke ba, amma ya yi imani cewa duk duniyar nan famfo ce, wani abu yana shiga, wani yana fita, in ka ga matsala to wani wuri ne ya toshe. Ya zo da guntayen fararen bututu na bayan gida, sababbi dai in ji shi, da gwiwoyi, da gwangwanin gam mai warin da ke sa ido hawaye. Suka buɗe bonet a tsakar gida, tsakanin igiyar shanya da tankin ruwa.

Duk ranar da na biyo daga makaranta, ƙafafu huɗu nake tararwa a ƙarƙashin mota, biyu da silifa, biyu babu. Baba yana ba da umarni, yana tsayawa ya yi tari, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Suka cire akwatin iskar da filtarsa suka jingine a bango. Suka ja bututun daga bakin inji, ya lanƙwasa ta gefen batir, ya gangara har ƙarƙashin bamba, ya buɗe baki yana kallon titi.

"Filtar fa?" na tambaya, don ko ni na san ba don ado aka sa ta ba.

"Ita ce ai ta shaƙe ta," in ji Baba. "Ke za ki iya gudu da tsumma a hanci?"

"Kai ma ai ba ka iya gudu, Baba, kuma babu tsumma a hancinka."

Kawu ya yi dariya har ya buga kansa da ƙarfe. Baba ya yi kamar bai ji ba. Laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani, to shi Baba na mota yake hangowa.

Kawu ne ya ce ko a famfo ana sa raga a baki saboda tsakuwa. Aka nemi raga aka rasa. Da yamma Mama ta shiga kicin za ta tankaɗe gari, ta nemi rariyarta ta ƙarfe sama da ƙasa. Ta fito tana goge hannu, ta duƙa gaban Giwa, ta ga rariyar an yanke mata baki an ɗaure ta da waya a hancin bututun.

Mama ba mai ɗaga murya ba ce. Ta miƙe, ta kalli Baba, ta ce, "Malam, in ka gama da rariyar, akwai tukunya, ko za a yi mata hula."

Baba yana da wani gwaji da yake yi wa kowace mota tun muna yara. Zai tayar da inji, ya kifa tafin hannunsa a bakin da iska ke shiga. In mota ta ja hannun, ta shaƙe, ta nemi mutuwa, sai ya cire ya ce tana da rai. In ba ta damu ba, ya ce akwai inda take satar iska. Mu ma haka yake yi mana in muna ƙaryar barci, ya rufe mana baki da hanci da tafinsa har sai mun fashe da dariya.

Ranar gwajin Giwa, Asabar ce da hantsi, na zo a bas da niyyar yin faɗa na ƙarshe. Baba ya murɗa makulli. Giwa ta tashi da wani irin gurnani da ba mu taɓa ji ba, kajin maƙwabta suka watse, wani jariri ya fara kuka a bayan katanga. Ko ƙarfinta ya ƙaru, Allah kaɗai ya sani, amma bakinta kam ya buɗe. Baba ya fito fuskarsa tana annuri, ya zagaya gaba, ya durƙusa, ya kifa tafinsa a kan rariyar. Giwa ta shaƙe. Ya cire, ta yi ruri.

"Kun ji ko?" ya ce. "Kun ji..."

Bai ƙarasa ba. Ya so ya miƙe, ya kasa. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bamba, bakinsa a buɗe, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, iskar kuma ba ta shiga. Leɓensa ya canza launi. Mama ta saki kwanon da ke hannunta.

Ban tambayi kowa ba. Ni da Kawu muka ɗaga shi muka sa a kujerar gaba, Mama ta shiga baya ta riƙe kafaɗunsa, Kawu ya buɗe get ya faɗo cikin motar da silifa ɗaya. Na zauna a kujerar da aka hana ni tun ina yarinya. Ta lotsa daidai jikin Baba, sai da na miƙe wuya kafin in ga hanya. Ko a wannan halin ya ɗaga yatsa ɗaya yana nuna kulocin, wai in bi a hankali.

Gaskiya ɗaya zan faɗa game da bututun bayan gidan nan, ya fi jiniya aiki. Masu babur suka riƙa darewa, masu tura baro suna hawa gefen titi, wani ɗan sanda ma ya tsayar da motoci ya ba mu hannu, ina jin ya zaci motar kashe gobara ce ta tsufa. Muka ratsa kasuwar bakin hanya, inda ledoji suke yawo kamar su ma sun zo cefane, muka kama tudun.

Mun kai kwanar tsakiya sai gurnanin ya koma gurgura. Na taka totur, Giwa ta yi kamar za ta yi amai, ta girgiza, ta mutu. Na ja birkin hannu. Na murɗa makulli, ta tashi, ta shaƙe, ta sake mutuwa. Motoci suka taru a bayanmu suna hon. Ga rufin asibitin can ina hango shi.

"Wani wuri ne ya toshe," in ji Kawu daga baya. Da ina da lokaci da na juya na shaƙe shi.

Na kalli Baba ina kuka, ina cewa ya gaya mini abin da zan yi. Ba shi da iskar da zai yi magana. Sai ya ɗaga hannunsa da ƙyar, ya kifa tafin a kan bakina da hancina, kamar yadda yake yi in ina ƙaryar barci. Hannun yana warin gam da baƙin mai. Ya cire, ya nuna gaban mota.

Na fita da gudu na durƙusa a kan kwalta. Baƙar leda ce, Giwa ta zuƙo ta daga kasuwa, ta manne a rariyar Mama ta rufe ta ruf. Na fizge ta na cusa a aljihu, ban san dalili ba. Na koma na murɗa makulli. Giwa ta yi wani ruri da ya sa mai hon ɗin bayanmu ya yi shiru, muka haye sauran tudun kamar ana tura mu.

A ƙofar asibiti ba mu nemi kowa ba, ƙarar ce ta fito da ma'aikatan. Suka ɗora shi a gado mai taya suka shige. Muka zauna a benci, ni da Mama da Kawu mai silifa ɗaya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan zaman ba.

Can wani likita ya fito ya ce mun zo a kan gaɓa. Huhun ya gaji, ba zai koma sabo ba, amma in ana shan magani ana zuwa awo a kai a kai, za a daɗe ana tafiya. Ya tambaya ko motar da ke waje tamu ce, don masu jinya suna ƙorafin ƙarar da ta shigo da ita.

Muka shiga muka same shi a jingine da matashi, an ɗaura masa robar oksijin a hanci da baki, wani siririn bututu ya tafi har bango. Launin leɓensa ya dawo. Kawu ya bi bututun da ido daga farko har ƙarshe, ya taɓa mahaɗar, ya gyaɗa kai.

"Aikin ba laifi," ya ce. "Amma da ni ne, da na sa mai faɗi."

"Ga shi nan, Malam," in ji Mama, tana gyara masa bargo. "Kai ma an ja maka naka. Ko a kawo rariya?"

Idon Baba ya yi dariya. Ya yafito ni, ya ɗan ɗaga robar daga bakinsa.

"A giya ta nawa kika hau?"

"Ta biyu, Baba."

"Da ta uku ma za ta hau." Ya numfasa. "Kuma kina danne kuloci. Na ji ƙauri."

Na so in yi masa faɗan da na zo da shi tun safe, na neme shi na rasa. Sai na sa hannu a aljihu na ciro makullin Giwa, ledar ta biyo shi. Na ajiye makullin a tafinsa. Ya kalle shi, ya juya shi, ya shafa wurin da babban yatsansa ya cinye tsawon shekaru. Sannan ya kamo hannuna, ya mayar da makullin ciki, ya naɗe yatsuna a kansa ɗaya bayan ɗaya.

"Sun ce awo a kai a kai," ya ce. "Tudun nan da tsawo, Auta. Ke za ki riƙa kawo ni."

Ya mayar da robar da kansa, ya rufe ido. Na tsaya a gefen gadon ina sauraren iskar tana shiga tana fita, har nas ta zo ta ce a je a matsar da motar daga bakin ƙofa.